Sa Hannun Mai Unguwa

Sakkwato,
Lahadi, 4 ga Mayu

Babana,

Gaisuwa mai tarin yawa cikin sunan Ubangiji. Yaya jiki, yaya kunnen? Ina fata kana ɗiga maganin da likita ya ba ka, ba ka ajiye shi a kan taga yana shan rana kamar na wancan karon ba. Ni lafiyata lau, sai dai zafin garin nan, fanka ma iskar wuta take hurowa. Hamza direba ya kawo mini ƙullin riɗin da ka aiko, na gode. Tunda ka jefa wayarka a durowa ka ce ba ka jin komai a cikinta sai ƙugi, ga shi ka mai da ni 'yar makarantar kwana, kullum ina tasha da ambulan a hannu. Abokan aikina dariya suke yi mini.

Baba, albishirinka! Jami'armu za ta yi Makon Laccoci da Muhawara a ƙarshen watan nan. Kowace rana malami ɗaya zai hau dandamali a babban ɗakin taro ya yi minti arba'in, mutum biyu su yi masa sharhi, sannan a buɗe wa jama'a su yi tambaya. Ran Litinin wani farfesa ne zai yi magana a kan gero da ƙarancin ruwan sama. Da kana nan na san da ka ɗaga hannu ka gyara masa, don tsohon malamin gona ba ya iya shiru in an taɓo gero. Talata kasuwancin kan iyaka. Laraba kuwa, 28 ga wata, ƙarfe goma na safe, 'yarka ce! Ni da ban cika shekara uku da fara koyarwa ba, ga sunana a jere da na farfesoshi. Kuma za a haska shi kai tsaye a Fesbuk, kowa da wayarsa zai gani.

Kan maganata shi ne "Wane ne ɗan gari?" A kan takardar shaidar zama ɗan asalin gari zan yi, wadda in ba ka da ita ba gurbin karatu, ba aikin gwamnati. Na tara alƙaluma da yawa, amma ba da su zan buɗe ba, da labarina zan buɗe. Ka tuna shekarar da na gama sakandare muka tafi ƙauyenku a Filato neman takardar? Kwana biyu muna zaune a ƙofar gidan sarkin ƙauye, ƙarshe ya ce shi bai san ka ba, ka bar gida tun yana yaro, ni kuma ko gaisuwa ban iya da yarenku ba. Tun daga Jos har Gumel kuka nake. Da muka iso, Baba Mai Unguwa Sha'aibu yana zaurensa, ya ji abin da ya faru, ya ce a miƙo masa tabarau. Har yau ina jin muryarsa: "Matata Larai ce ta yanke wa yarinyar nan cibiya, a bayan zaurena aka binne ta. In ba 'yar nan ba ce, 'yar ina ce?" Ya sa hannu, ya buga hatimi, ya ce in je in wanke fuskata.

Shekara goma sha biyu ke nan, ban taɓa yi masa godiyar da ta dace ba. Da na fara sai ya kira ni da sunana na gida ya ce, "Murna, tashi ki ba ni wuri." To wannan karon ba shi da halin korata. Zan faɗi sunansa a gaban mutum ɗari biyar, duniya ta san akwai irinsa. Don Allah kar ka gaya masa, so nake ya ji kwatsam.

Ka gaishe shi, shi da Inna Larai. An yi ruwan shuka kuwa?

'Yarka,
Rejoice

Maigatari,
Alhamis, 8 ga Mayu

Murna,

Na sami takardarki ran Talata. Jiki da sauƙi, kunne yana nan yadda kika san shi, maganin kuma ina ɗigawa in na tuna. Ruwa bai sauka ba tukuna, hadari ne yake haɗowa ya watse. A tashar Maigatari nake rubuta wannan a kan gwiwata. Yau kasuwa, Hamza yana lodi, gobe Juma'a zai kama hanya kamar kullum.

Maganar lacca na ji, na kuma ji daɗi. Da Mamanki tana raye da ta yi rawa a coci. Allah ya ƙara miki basira.

Amma ki cire Mai Unguwa daga ciki. Kada ki faɗi sunansa, kada ki faɗi unguwarmu, kada ki ce wani ya sa miki hannu a wata takarda. Ki tsaya a kan alƙalumanki, sun isa. Dalilin ba na rubutawa ba ne, takardar nan sai ta kwana a gaban mota hannu biyar ya taɓa ta kafin ta iso ki. In kin zo hutu na gaya miki.

Ki yi yadda na ce.

Babanki,
Edward

Sakkwato,
Lahadi, 11 ga Mayu

Baba,

Ina gaisuwa, ina fata kana lafiya. Ni ma lafiya, amma raina a ɓace yake, ba zan ɓoye maka ba.

Sau huɗu na karanta takardarka ina neman inda ka ce wani abu ban da "kada". Haba Baba! Shekarata talatin, ana kirana malama, amma dalili sai na zo hutu? To ai na san dalilin, ba sai ka rubuta ba. Tsoro ne. Tsoron nan ne da ya sa in ana taron unguwa kake zama a bakin tabarma, in an tambayi ra'ayinka ka ce duk abin da 'yan gari suka yanke. Shekara talatin da shida kana Gumel. Ba gonar da ba ka taka ba daga Gagarawa har Sule Tankarkar, ba manomin da bai san ƙarar babur ɗinka ba, amma har yau zamanka kamar na mai jiran a ce ya tattara kayansa. Kai ka zaɓi wannan zaman, ni ban zaɓa ba. A Gumel aka haife ni, ba ni da wani gari. In aikina kake jiye wa tsoro, ka kwantar da hankalinka, ban saci takardar kowa ba. Ko kuwa saɓani kuka samu da Baba Mai Unguwa? In haka ne ka faɗa mini a fili.

Kuma ma maganar ta wuce inda kake zato. Tun ran Laraba kwamitin taro ya buga fosta, an liƙa a ƙofar jami'a da ɗakin karatu da kowane sashe. Ga hotona, a ƙasa an rubuta: "Rejoice Edward, haifaffiyar Gumel, za ta ba da labarin mai unguwar da ya sa mata hannu." Ni na ba su wannan layin da hannuna. Na ɗauki hoton fostar na tura wa ƙawata Khairiyya can gidan mijinta a Sule Tankarkar, don ta ga abin da nake shirya wa babanta Mai Unguwa, na ce kar ta gaya masa. Ka san ta, ba ta iya riƙe abin daɗi. Kafin awa ɗaya ta saka shi a zauren Watsaf na unguwarmu.

Da ma ka ga addu'o'in da mutane suka yi ta turowa, sun fi sittin. Har Zayyad, ɗan yayan Mai Unguwa, wanda da ko gaisuwata ba ya amsawa, ya rubuto yana tambayar rana da lokaci, ya ce in tabbata na faɗi komai dalla-dalla. Su 'yan garin ba su ji tsoro ba, sai kai.

Ka yi haƙuri in na yi kaushi. Amma ba zan cire ba.

'Yarka,
Rejoice

Gumel,
Alhamis, 15 ga Mayu

Rejoice,

Lafiya muke. An yi yayyafi shekaranjiya, bai kai na shuka ba. Gaisuwar ke nan, yau ba ni da haƙurin doguwa.

Kin ce ina tsoro. E, ina tsoro, kwana uku ke nan ko tuwo ba ya shiga mini. Amma ba kaina nake jiye wa ba, marar kunya. Ni me ya rage mini da za a ƙwace? Tunda kin ƙi ji sai an rubuta, to ga shi a rubuce, duk wanda ya buɗe a hanya ya karanta.

A takardar nan da kike alfahari da ita akwai wani layi da ba ki taɓa lura da shi ba, don ni na kai ta sakateriya da hannuna. Layin yana tambayar gidan da mai nema ya fito. Da Mai Unguwa ya rubuta gidan Edward, da a take an mai do ta, don kowa ya san daga ina Edward yake. Sai ya rubuta "gidan Sha'aibu". Ya ce ai ba ƙarya ya yi ba, a ɗakin matarsa aka haife ki, ranar ina can Sule Tankarkar ruwa ya tare ni. Ni na sani, shi ya sani, muka yi shiru shekara goma sha biyu. A zaure aka yi abin nan, ba don a kai shi bakin lasifika ba. Shi ya sa duk lokacin da kika fara godiya yake korarki.

Bara kuma aka tara masu unguwanni aka ja musu kunne, duk wanda aka samu ya sa hannu ga wanda ubansa ba ɗan gari ba ne, to a bakin rawaninsa. Kin ji dalili na ɗaya.

Na biyu Zayyad ne, wanda kike murnar ya tambaye ki lokaci. Ubansa ne mai unguwa kafin Sha'aibu. Da ya rasu Zayyad yana goye, sai aka naɗa ƙanen. Tun da ya yi gemu yake ganin rawaninsa ne aka riƙe masa. Ya daɗe yana neman abin kamawa bai samu ba, don mutumin nan ko kazar wani bai taɓa ci ba. Sai ga ki kin aiko masa har da hoto. Ya kai fostarki shagon kwamfuta an buga masa a takarda, ya haɗa da ƙorafi ya kai wa hakimi. An kira Mai Unguwa ran Litinin mai zuwa, 19 ga wata.

Khairiyya ta zo jiya tana kuka kamar ranta zai fita, ta ce ita ta jawo wa ubanta. Larai kuwa ta gaishe ni kamar kullum, wannan ya fi yi mini ciwo. Shi kuwa Mai Unguwa da na je, tambayata yake yi irin geron da ya kamata a shuka bana.

Mutumin nan, ranar da muka binne Mamanki, shi ya jawo unguwa gaba ɗaya suka tsaya a ƙofar coci cikin rana har aka fito da ita. Shekararsa saba'in da huɗu, talatin da ɗaya a ciki da rawani a kansa. In aka cire shi saboda mu, da wane ido zan ƙara bi ta ƙofar gidansa?

Kin ce a bakin tabarma nake zama. Gaskiya ne. Daga bakin tabarmar na ciyar da ke har kika zama malamar da take rubuto wa ubanta haka.

Ga abin da za ki yi. Fosta ba ta ambaci sunansa ba, wannan kaɗai ya rage mana. Ki cire labarin gaba ɗaya. In wani ya tambaye ki mai unguwar da aka rubuta, ki ce misali ne kawai, ba wani mutum ba ne takamaimai. In laccar ta wuce shiru, ƙila magana ta lafa. Ki ba ni amsa ta hannun Hamza ran Talata.

Babanki,
Edward

Sakkwato,
Talata, 20 ga Mayu

Baba,

Ina gaisuwa. Lafiya kuwa? Ran Asabar na je tasha tun da safe, na zauna har azahar, ba Hamza ba motarsa. 'Yan kamasho suka ce ba su gan shi ba. Na koma Lahadi, haka nan. Tun takardata ta 11 ga wata ban ji daga gare ka ba. Wannan wata abokiyar aikina ce za ta je biki Gagarawa, ta ce za ta biya ta Gumel ta miƙa maka.

Khairiyya ta daina ɗaga wayata. Sau tara na kira. Na tura saƙo, na ga ta karanta, ba amsa. An kuma cire ni daga zauren unguwa, ban san wa ya cire ni ba. Na kira Fasto, ya ce ya gan ka a coci ran Lahadi lafiyarka ƙalau. Da na tambaye shi unguwa sai ya ce maganar gida ba ta waya ba ce, in jira takardarka. Wace takardar?

In fushi kake yi da ni saboda abin da na rubuta, na ci fushin, na yi rashin kunya, ka yafe mini. Amma shirun nan ya fi mini zagi ciwo. Saura kwana takwas. Jiya aka kira mu gwaji a ɗakin taro, na karanta buɗewar a gaban kwamiti, shugaban ya ce labarin Mai Unguwa shi ne gishirin laccar, kar in taɓa ko kalma ɗaya. Ina tsaye a kan dandamali ana tafa mini, hankalina kuwa yana Gumel.

Tunda ban ji komai ba, ina nan a kan shirina. Amma don Allah ka ce wani abu.

'Yarka,
Rejoice

Sakkwato,
Lahadi, 25 ga Mayu

Babana,

Jiya takardarka ta 15 ga wata ta iso. Kwana tara a aljihun mota! Ashe Hamza lodin ragunan Sallah ya samu daga Maigatari zuwa Legas, ya wuce can da ita, sai jiya ya shigo yana ta ba ni haƙuri. A tashar na buɗe, a tsaye.

Wayyo Baba, ni na yi wannan. Ni da hannuna na rubuta layin nan, na ɗauki hoto, na aika. Ran Litinin ina can ina gwaji ana tafa mini, ashe a daidai lokacin shi yana durƙushe gaban hakimi saboda ni. Yau kwana shida da kiran, ban san me aka yi masa ba. An cire shi? Yana cin abinci kuwa? Inna Larai fa?

Maganar tabarma da na gaya maka, ban san yadda zan janye ta ba. Ka yafe mini.

Na je gidan shugaban kwamiti yau bayan coci. Na roƙe shi a cire ni daga jerin, ya ce ba zai yiwu ba, an gayyaci baƙi, an sanar. Na ce to zan cire labarin. Ransa bai so ba, amma ya ce laccata ce. Na zauna na soke shafi uku na farko, abin da ya rage alƙaluma ne da dokoki, a bushe kamar kara. In an tambaye ni, zan faɗi abin da ka ce, misali ne. Bakina zai yi nauyi, amma zan faɗa.

Abu ɗaya nake roƙo. Hamza zai iso ka ran Talata, lacca kuma Laraba ƙarfe goma. Ka je wurin Baba Mai Unguwa ka tambaye shi, shi me yake so? Ni da kai muke ta yanke masa, ba wanda ya tambaye shi. In yana da magana, ka sa Fasto ko Khairiyya su turo mini a waya, ko layi ɗaya ne. Zan riƙe wayar a hannuna har a kan dandamali. In ban ji komai ba, zan ɗauka shirun yake so.

'Yarka,
Murna

Gumel,
Talata, 27 ga Mayu

Murna,

Takardunki biyu sun iso, ta hannun abokiyar aikinki jiya, don biki ya riƙe ta a Gagarawa, ta Hamza kuma yau. Lafiya muke. An yi ruwa ran Asabar, kowa yana gona. Maganar tabarma ta wuce, na yafe, kar ki ƙara tayar da ita.

Ga abin da ya faru ran 19. Hakimi ya nuna wa Mai Unguwa takardar, ya tambaye shi ko shi ake nufi. Mutane suna ta yi masa ido don ya ce bai sani ba, fosta ai ba sunansa. Sai ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ne. A ɗakin matata aka haife ta. Gobe ma a kawo mini irinta zan sa hannu." Aka ce ya ajiye rawani da hatimi har a gama bincike. Da hula yake fita yanzu. Ranar farko da na hango shi haka, juyawa na yi na koma gida.

Na je na tambaye shi yau bayan la'asar, kamar yadda kika ce. Ya ce in isar miki yadda ya faɗa: "Ka gaya wa Murna ta faɗi sunana, har da na ubana. Ta faɗi a ɗakin wa aka haife ta. Na gaji da ana maganar nan a raɗe kamar na yi sata. Tunda an ji laifin, a ji dalilin."

Na rubuta yadda ya ce. Zan ba Hamza.

Babanki,
Edward

Gumel,
Alhamis, 29 ga Mayu

'Yata,

Ina gaisuwa, lafiyar jiki muna da ita. Za ki ga takarda biyu a ambulan ɗaya, ta Talata da wannan. Ki fara karanta waccan, sannan ki nemi wuri ki zauna.

Na rubuta takardar Talata ina sane Hamza ba zai tashi ba sai Juma'a. Ban je wurin Fasto ba. Jiya da sassafe Khairiyya ta iso daga Sule Tankarkar a kan babur, ta miƙo mini wayarta ta ce, "Baba, babanmu ya ce ya ba ka saƙo, faɗi in tura mata." Na ce na riga na aika, kar ta dame ki kina shiri.

Ga dalilina, ko da yake yanzu ba shi da amfani. Magatakardan hakimi ya ja ni gefe ran Litinin, ya ce in maganar ta tsaya a Gumel, bayan Sallah za a yi masa faɗa a mai do masa rawani. In kuwa aka faɗe ta a waya duniya ta ji, hannun hakimi ya fita. Na auna, na ce tsohon nan zafin rai ne yake sa shi magana, bayan Sallah zai gode mini.

Jiya tun ƙarfe tara Mai Unguwa ya sa aka shimfiɗa tabarmi a gindin dalbejiyar ƙofar gidansa. Ya sa farar babbar rigarsa ta Juma'a. Ya aika aka kira liman da maƙwabta, har waɗanda suka tafi shuka suka ajiye sungumi suka dawo. Larai ta dama fura, mata suka cika zaure. Khairiyya ta aro lasifikar mai shayi ta haɗa da waya, ƙarar ta kai har ni ina ji. Zayyad ma yana can jikin katanga, hannu a aljihu. Da aka kira sunanki mata suka rangaɗa guɗa, Mai Unguwa kuwa ya gyara zama ya ce, "Ku yi shiru, yanzu za ku ji."

Kin yi magana mai kyau, Allah ya sani. Amma minti arba'in yana jira. Duk lokacin da kika ja numfashi sai ya miƙa wuya. Da kika gama aka tafa, ya dube ni, na dubi ƙasa. Sai wani ya tashi a ɗakin taron ya ce, "Malama, ina labarin mai unguwar da aka rubuta a fosta?" Na ga kin dubi wayar da ke hannunki. Sannan kika ce misali ne kawai, ba wani mutum ba ne takamaimai.

Mai Unguwa ya ce wa Khairiyya ta kashe. Mutane suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, furar Larai ko rabi ba a sha ba. Da muka rage mu biyu, ya matso kusa da ni ya ce, "Malamin Gona, saƙona ya isa kuwa?" Na ce na aika. Ya jinjina kai ya ce, "To. Ashe ita ma kunyar abin take ji." Ya naɗe tabarmarsa da kansa ya shiga gida.

Yau da hantsi magatakarda ya zo da albishir. Ya ce tunda yarinya da bakinta ta ce misali ne, an rufe magana, bayan Sallah za a mai do masa rawaninsa. Dabarata ta ci ke nan. Mai Unguwa ya saurare shi har ya gama, ya ce a gode wa hakimi, amma a naɗa wa Zayyad. Ya ce ba zai ɗaura rawanin da sai da 'yarsa ta musanta shi sannan aka dawo da shi ba. Liman ya yi iya yinsa, Larai ta yi, bai motsa ba.

Murna, ba ki da laifi a wannan. Kin tambaya, an ba da amsa, ni na zauna a kanta. Duk shekarun nan muna gida kusa da gida, ashe ban san abin da ya fi masa rawani ba.

Kar ki rubuta masa tukuna, nawa ne a gaba. Da na liƙe ambulan ɗin nan na kai wa Hamza, zan shiga zauren Mai Unguwa in gaya masa ni na riƙe saƙon, kuma da gangan. Ƙila daga yau ya daina amsa sallamata. Gara hakan da ya ci gaba da zaton kin ji kunyarsa.

Babanki,
Edward